Katanga tsakanin wa da ƙane: tarihin wani labarin Indiya da masu kallonsa



A hutun daminar da ta wuce, wani dare da aka ɗauke wuta a unguwarmu, mun taru a fada mu wajen goma sha biyu, shayi bisa gawayi, muka kewaye kwamfutar wani abokinmu da ta rage da sauran caji. Fim ɗin da ya sa muna ya girmi duk wanda ke wurin: Deewaar, na Indiya, wanda ya fito a 1975. Ma'anar sunan ita ce katanga. Labarin wa ne da ƙane. Wan ya bar karatu ya shiga wahala don ƙanen ya yi lakkwal. Ƙanen ya gama ya zama ɗan sanda, wan kuma ya zama ɗan fasa-ƙwauri, daga ƙarshe ƙanen ya harbe shi.

Da fim ya ƙare sai gardama ta kaure har aka manta da shayi na uku. Wani ya ce: "Wanga yaro butulu ne, wallahi. Wa ya biya mashi lakkwal ɗin?" Wani ya ce: "To mi kake so shi yi? Aikinshi ne." Amma da aka ƙirga, mutum biyu kaɗai suka tsaya wa ƙanen, sauran duk suna bayan wan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu da muke tafa wa wan, kusan dukanmu ɗalibai ne, kuma da wuya a samu wanda ba wani babba a gidansu ke ɗauke da nauyin karatunsa ba. Shi ya sa na bi sawun labarin, in ga inda ya samo asali da yadda masu kallo suka riƙa karɓarsa tun kafin a haife mu.

1957: uwa ta ɗauki bindiga

Indiya ta samu ƴancin kai daga Ingila a 1947. Shekara goma bayan haka Mehboob Khan ya fitar da Mother India, fim ɗin da iyayenmu da kakanninmu suka sani sarai. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar ƙauye da mijinta ya rasa hannuwansa a aikin gona, ya gudu don kunya ya bar ta da ƴaƴa da bashi. Mai ba da bashi da ruwa yana kwashe mafi yawan amfanin gonarsu kowace kaka, bashin kuma ba ya ƙarewa. Ƴaƴanta biyu suka rayu: Ramu mai haƙuri da Birju mai zafin zuciya. Birju ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe mai bashin, ya ɗauke ɗiyarsa bisa doki. Uwar da ta sha wuyar renonsa ita ta ɗauki bindiga ta harbe shi, don ta riga ta yi alkawarin ba za a keta mutuncin ɗiyar kowa a garin ba.

Nan aka kafa turakun labarin: gida ɗaya, zalunci ɗaya, ƴaƴa biyu, ɗaya ya bi doka ɗaya ya bijire, kuma hannun gida ne ke kashe wanda ya bijire. Lokacin ƙasar sabuwa ce, Nehru ke mulki, ana gina madatsun ruwa, jama'a na sa ran gobe za ta fi yau. Fim ɗin ma ya ƙare ne da tsohuwa Radha tana buɗe sabuwar hanyar ruwan noma. Saƙon a fili yake: a yi haƙuri, ƙasa na tafe da gyara. Jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje.

1961: bindiga ta koma hannun ƙane

Shekara huɗu bayan haka Ganga Jumna ya fito. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, shi ya shirya shi kuma ya fito a matsayin wan, Ganga. Wanda ya fito a matsayin ƙanen, Jumna, ƙanensa ne na jini, Nasir Khan. A nan ne karatu ya shigo cikin labarin. An yi wa uwarsu ƙazafin sata, baƙin ciki ya kashe ta. Ganga ya tsaya ƙauye yana aikin ƙarfi, yana aika kuɗi birni don Jumna ya yi karatu. Dangin mai gonakin garin suka ƙulla wa Ganga sharri aka ɗaure shi, da ya fito ya shiga duwatsu ya zama ɗan fashi. Jumna ya zama ɗan sanda aka turo shi yankinsu, shi ya harbe wansa.

Bambancin da ke tsakanin wannan da Mother India ba ƙarami ba ne. Uwa ba ta cin bashin ɗanta, ita ke binsa. Ƙane kuwa da guminsa wansa aka ɗinka kakin da ya sa ya zo kama shi. Doka ta yi nasara a ƙarshen fim, amma an bar mai kallo da wani lissafi da bai rufe ba. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai a shekararsa, kuma abin da aka fi tunawa da shi har yau wasan Dilip Kumar ne, wato ɗan fashin, da harshen ƙauyen da ya yi magana da shi.

1975: labari ya shigo birni

Salim Khan da Javed Akhtar, marubuta biyu da ke aiki tare, su suka ɗauko wannan tsohon labari suka kawo shi Bombay, birnin da ake kira Mumbai yanzu. Yash Chopra ya ba da umarni. Sai dai Indiyar 1975 ba ta Nehru ba ce. Farashin man fetur ya tashi a duniya a 1973, tsadar kaya ta yi tsanani, masu takardun gama karatu na yawo ba aiki. A watan Mayu na 1974 ma'aikatan jirgin ƙasa fiye da miliyan ɗaya suka shiga yajin aiki, gwamnatin Indira Gandhi ta murƙushe shi da kame dubbai. Dokokin ƙasar sun ƙuntata cinikin zinariya, don haka masu shigo da ita a ɓoye ta teku suka yi kuɗi suka yi suna. Fitaccensu, Haji Mastan, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwan Bombay kafin ya zama attajiri, kuma mutane da yawa sun ga kamarsa a jikin jarumin Deewaar. Fim ɗin ya fito a watan Janairu na 1975. A watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci wadda ba a ɗage ba sai 1977.

Ga yadda labarin yake, don wanda bai gani ba. Uban yaran shugaban sandikar ma'aikata ne. Mai kamfani ya kama iyalinsa ya tilasta masa sa hannu a takardar da ta sayar da ƴan uwansa ma'aikata. Kunya ta kore shi daga gari. Mutanen da suka fusata suka kama babban ɗansa, Vijay, suka rubuta masa a hannu da allura, rubutun da ba ya gogewa, cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashi yaran biyu zuwa Bombay, suna kwana ƙarƙashin gada, tana ɗaukar bulo a wurin gini. Kuɗi ba su isa yara biyu su yi lakkwal ba. Vijay da bakinsa ya ce a sa ƙanensa Ravi, shi zai riƙa goge takalma. Wata rana wani mai kuɗi ya jefa masa ladan aikinsa a ƙasa, yaron ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu.

Vijay ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, lambar da ke ɗaure a damtsensa 786 ce. Wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ya gaya masa ya riƙe ta da kyau, don a lissafin haruffa na Musulmin can adadin Bisimilla ke nan. Vijay ya ƙi biyan kuɗin da ƴan daba ke karɓa a hannun ƴan dako, ya yi musu dukan kawo wuƙa, daga nan wani babban ɗan fasa-ƙwauri ya ɗauke shi aiki. Ravi kuwa ya gama karatu, ya sha yawon neman aiki, ya ƙare a aikin ɗan sanda. Da aka ba shi takardun binciken wansa ya fara ƙi. Sai ya harbi wani yaro da ke gudu da kayan sata, ya tarar burodi ne ya sato wa gidansu. Ya je ba da haƙuri, uban yaron, tsohon malamin makaranta, ya ce masa sata sata ce. Daga nan ya koma ya karɓi aikin.

Uwar ta bar gidan Vijay ta bi Ravi. Vijay ya sayi dogon benen da ta ɗauki bulonsa, ba ta dawo ba. Wa da ƙane suka haɗu ƙarƙashin gadar da suka kwana suna yara, Vijay ya lissafa gidaje da mota da kuɗin da ya tara ya tambayi ƙanensa abin da shi yake da shi, Ravi ya amsa masa cewa uwa na wurinsa. A ƙarshe uwar da kanta ta miƙa wa Ravi bindigarsa. Lambar 786 ta suɓuce daga hannun Vijay yana gudu, harsashi ya same shi, ya cika bisa cinyar uwarsa a ɗakin bautarsu. Gwamnati ta ba Ravi lambar yabo.

Wanda aka ba lamba da wanda aka tafa wa

A takarda Ravi ne mai gaskiya. Shi doka ta yaba, shi uwa ta zaɓa, kuma maganar da ta fi shahara a fim ɗin daga bakinsa ta fito. Shashi Kapoor da ya fito a matsayinsa har kyautar Filmfare ya samu. Amma ƴan kallo Vijay suka ɗauka suka tafi da shi gida. Amitabh Bachchan ya fara suna da Zanjeer a 1973, Deewaar ne ya tabbatar da shi a matsayin saurayi mai fushi da kowa ke son gani. Samari suka riƙa ɗaure bakin riga a ciki irin nasa. An sake yin fim ɗin da harshen Telugu a 1976, da Tamil a 1981 inda Rajinikanth ya ɗauki matsayin wan, har a Hong Kong an yi nasu a 1979.

Abin da ya fi nuna ƙarfin ƴan kallo ya faru a 1982. Amitabh ya ji mummunan rauni a ciki wajen ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie a Bangalore, ya kusa mutuwa. Mutane suka cika masallatai da ɗakunan bauta suna masa addu'a, Indira Gandhi da kanta ta je duba shi. A Coolie ma ɗan dako ne mai lamba 786, kuma an tsara zai mutu a ƙarshe. Da ya warke, mai ba da umarni Manmohan Desai ya sauya ƙarshen labarin ya bar shi da rai. Shekara bakwai kafin nan an kashe ɗan dakon a gaban jama'a sun yi kuka sun haƙura. Wannan karo ba a yi gigin sake kashe shi ba.

Yadda ya iso wurinmu

Tun shekarun 1950 ƴan kasuwa Labanawa suka fara kawo fina-finan Indiya silimomin Kano da sauran biranen arewacin Najeriya. A ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, har da Nijar, kamfanoni biyu ne, COMACICO da SECMA, suka riƙe rabon fina-finai, suna kawo na kaboyi da na Masar da na Indiya. Silimar lokacin fili ce mai katanga ba rufi, sai dare ya yi ake haskawa, kuma galibi maza da samari ke shiga. Tasirin kallo a kan samari ba sabon zance ba ne a ƙasar nan: tun 1966 Mustafa Alasan ya yi fim kan wasu samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka hau dawaki suka dami garinsu.

Ba wanda ke jin Indiyanci, amma hakan bai hana komai ba. Wani kawuna da ya yi samartakarsa a zamanin Kunce ya ce mini sukan kalli fim ɗaya sau biyar sau shida, wanda ya riga gani yana fassara wa na kusa da shi da ƙarfi, kuma in mugu ya fito har zaginsa ake. Na tambaye shi Deewaar. Ya ce: "Ai ranar da aka halbe Amita, shiru muka hito, ba mai yi wa wani magana." Hausawa har laƙabi suka raɗa wa ƴan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Govinda Sarkin Rawa. Wani masani Bature, Brian Larkin, da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa masu kallo na yawan gaya masa al'adun Indiya sun yi kama da nasu: kunya, girmama iyaye, auren dole, nauyin dangi. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya kai fina-finan cikin gidaje, mata suka samu nasu rabon kallo. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, daga nan harkar fim ɗin Hausa ta tashi, ta ari waƙa da rawa da rikicin soyayya daga Indiya. Yanzu kuma ga Indiya-Hausa a cikin salular kowa.

A ganina abin da ya kama zukatan mutanenmu a wannan labari ya wuce kamar tufafi ko ta kunya. Shekarun da fim ɗin ya fito su ne na bayan farin 1973 da 1974, lokacin da gidaje da yawa suka tura manyan ƴaƴansu ci-rani Kano da Legas da Abijan. Babban wa magajin uba, in ji Hausawa. Mai kallon da ya yi dako a kasuwar Kurmi ba ya bukatar tafinta kafin ya gane Vijay.

Mu a wane gefen katanga muke?

Wannan tsari bai sauya ba, hanyoyin ne suka sauya. Yau wan yana Libiya ko Aljeriya, ko ya tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, ko yana kabu-kabu, ko yana sayar da fetur a kwalba bakin hanya. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Ƙonni ko Magarya ya san ta inda wannan fetur ke shigowa, ya kuma san kuɗin rajista da na takardu nawa aka biya da ribarsa, musamman watannin da burs ta makara. Mu kuma da muka samu bak, konkur ɗin da muka fi rububi su ne na duwan da jandarma da polis. Dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta mayar da direbobin Agadas da yawa masu laifi a dare ɗaya, aka kama wasu aka ƙwace motoci, sai a 2023 aka soke ta. A tsakanin waɗannan shekaru, ba abin mamaki ba ne a samu gidan da ke da direba da jandarma a tukunya ɗaya.

Akwai kuma wadda duk fina-finan nan uku suka manta da ita: yaya mace. A gidajenmu sau da yawa ita ce aka fara cirewa daga lakkwal, ita ke talla, ita ke aikatau a Yamai. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, mafi yawansu mata ne da yara. Babu lambar 786 a hannunsu, ba a kuma yi musu fim ba.

Ban rubuta wannan don in ce Ravi ya yi kuskure da ya tsaya kan aikinsa ba. Vijay ya kashe rai, kuma ƙasar da kowane ɗan sanda ke rufe ido ga ɗan uwansa talaka ne farkon wanda zai sha wuya a cikinta. Laifin Ravi a wurina tun kafin harbin yake. A duk tsawon fim ɗin yana magana da wansa kamar alƙali, ya miƙa masa takarda ya sa hannu ya amsa laifinsa, amma ban ji inda ya zauna ya ce masa: yaya, na san abin da ka bari saboda ni. Karatun da aka saya masa da goge takalmi shi ya koya masa kalmomin da yake yi wa wan nasa wa'azi da su. Ina jin wannan ne ƴan kallo suka kasa yafewa, daga Bombay har fadarmu, shekara hamsin ke nan. Katangar ta fara tashi tun ranar da ɗaya ya ɗauki jakar lakkwal ɗaya ya ɗauki akwatin goge takalmi, kuma wanda ya yi karatun ne ya kamata ya fara lura da ita.

Tafa wa Vijay abu ne mai sauƙi, ba ya cin ko dala. Mu dai mun san kujerar Ravi muke zaune. Wasunmu in yayansu ya zo ganinsu a jami'a da tufafin aiki, sai su tare shi tun bakin ƙofa don kada abokai su gani. Wasunmu na gyara wa manyansu faransanci a gaban mutane. Wasunmu ba sa kira sai kuɗi sun ƙare. Ni ma ina cikin na ƙarshen nan. Yayana ya bar lakkwal a aji shida, shekararsa huɗu ke nan yana aikin gini a Libiya, kuma da na duba salulata a daren nan na tarar duk saƙonnina gare shi da maganar kuɗi suka fara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ya ciyar da kai.

Washegari na sa kati na kira shi. Ya ɗauka da sauri ya ce: "Lahiya? Nawa ne?" Na ce ba komai, yaya, gaisuwa ce. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya, muka yi hira har katin ya ƙare. Na ba shi labarin fim ɗin, ya ce ya taɓa ganinsa tun yana yaro, kuma shi a ganinsa ƙanen ne mai gaskiya.

Wanda ke da wani ra'ayi, musamman mutum biyun da suka tsaya wa Ravi a fada, ya rubuto a sa a fitowa ta gaba. Allah ya saka wa yayyenmu da alheri, ya dawo muna da na nesa lafiya.